Baba Shu'aibu, Wanda Ya Ce Mu Dasa Mangwaro a Gonar Aro

Ina cikin jera kwandunan tumatir da safen nan aka kira ni a waya: Baba Shu'aibu malamin gona ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A nan bakin kasuwa na bar kayan, har yanzu ban san wanda ya kwashe min su ba.

Ɗazu muka dawo daga maƙabarta. Dole sai na rubuta wannan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon ma'aikacin gona ne, shi ne mai fadamar nan ta bayan gari. Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu a yankin Tabanni, da tabarmi da tukwane kawai muka shigo Birnin Gwari. Manoma ne mu, ga mu a gari ba ko taku ɗaya na ƙasa. Baba ne ya yanka mana fadamarsa kashi-kashi ya ba mu aro, mu da mutanen Kusasu, Musulmi da Kirista. Ko kwanon hatsi bai taɓa karɓa ba.

Ranar da injin ban-ruwana ya lalace, nasa ya ɗauro a mashin ya kawo min.

Ga tsiya kuma. Ya tsaya a kan kunyar albasata ya ce, "Kai Lawali, wannan albasar taka azumi take yi ne?"

Tun daga lokacin da muka zo garin nan yake ta faɗaɗa, don duk wanda aka koro daga daji nan yake zuwa. Inda muke ratsa gonakin dawa da, yanzu bulo ne da kwano iya ganinka. Masu yanka filoti suna ta cewa gari ya ci gaba. Wane ci gaba? Unguwa ba famfo, ba makaranta, ba kwata. Matasa kowa sai kabu-kabu ko shagon caji, har mashin ya fi fasinja yawa.

Baba yakan ce min, "Garin nan kumbura yake yi, Lawali, ba girma ba. Mun gine gonar da ke ciyar da mu, a cikin ɗakin kuma za mu kwana da yunwa."

Dillalan filaye sun yi zarya gidansa har sun gaji. Suka ce shaguna za a yi a fadamar, da gidan mai. Ya ce, "To mutanen nan da ke nomanta, fetur za su sha?"

Kowa ya san ƙa'idar gonar aro. Ka shuka abin da za ka girbe ka tashi, amma ba ka dasa itace, don dasa itace na mai gona ne. Ko gwanda ka dasa sai ka tsinci kanka a gaban mai unguwa.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ya sa aka tara mu a fadama. Ya rame, yana dogara sanda. Ga liman, ga mai unguwa, a gefensa kuma dashen mangwaro ne a cikin ledoji. Ya ce kowa ya ɗauki ɗaya ya dasa a kasonsa.

Ba wanda ya motsa.

Mama Saratu, wata dattijuwa daga Kusasu, ita ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba, ai aro ka ba mu."

Ya ce, "Na san abin da na ba ku. Ku dasa, liman na gani."

Ina haƙa rami hawaye na zuba. Ya leƙo ya ce, "Zurfafa mana, ba albasa ba ce." Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau kuma, ƙasar kabarinsa ba ta ko bushe ba, na ga wani dillali ya ja Hamisu gefe a wurin zaman makoki. Hamisu shi ne babban ɗan Baba, daga Kaduna ya iso. Da kunnena na ji dillalin yana cewa, "Ai ba takarda. Tsiro ne kawai, yaro ma sai ya tumbuke." Hamisu ya sunkuyar da kai, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ban ga laifinsa ba, yau ya rasa uba, ga ƙanne a wuyansa.

Amma kai dillali, na san wannan rubutun zai iso gare ka. Gaskiyarka ne, ba takarda. Akwai liman, akwai mai unguwa, akwai mu. Daga daji da bindiga aka kore mu, muka gudu don ba yadda za mu yi. Yanzu kuma da igiyar awo za a kore mu? Ba inda za mu. Gobe da sassafe muna fadama da bokitanmu, duk wanda ya zo awo zai tarar da mu muna ba mangwaro ruwa.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Shu'aibu, ka yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata mana, ka saukar da shi a Aljanna Firdausi.

Ku da kuke karantawa, don Allah kada ku tsaya a danna alamar kuka ku wuce, ku ɗaga hannu ku yi masa addu'a. Ku haɗa da Hamisu, Allah ya ba shi zuciya irin ta mahaifinsa, domin tuwon gidajenmu yanzu kalma ɗaya yake jira daga bakinsa.