Ɗauko Yaya Sale daga Tsibirin Fanya

Kankiya zuwa Kano

Ranar Litinin, a shekarar da aka canza mana kuɗi daga fam zuwa naira, na fito daga gidana na Kankiya da ƙarfe biyar saura kwata na asuba, da jakar fata ɗaya da buta. Neman yayana Sale za ni, wanda ya bar ƙauyenmu Bauranya, ta ƙasar Kusada, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya bi masu ɗibar lebura zuwa gonakin koko na wani tsibiri a tsakiyar teku mai suna Fanando Fo, wanda 'yan ci-rani ke kira Fanya. Shekara huɗu ba mu ji ɗuriyarsa ba, sai ga wasiƙa daga wani Alhaji Bawa, mazaunin can, cewa Sale na da rai, amma ƙafarsa ta lalace, kuma ba shi da hanyar fitowa.

Kwana biyu kafin tashina na hau keke na je Bauranya na karanta wa Inna wasiƙar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka tahi ka taho min da shi. In ka iske ya rasu, ka ga kabarin da idonka." Ni malamin duba gyaɗa ne, kuma a farkon damina aikinmu ba shi da yawa, don haka aka ba ni hutun mako uku.

Motar da na samu a bakin titi ta taso ne daga Katsina da lodin fatu. Direban ya ba ni gaba. Mil saba'in ɗin nan mun yi shi cikin awa uku da rabi, saboda mun tsaya a Bichi an zuba wa injin ruwa. A Kano na kwana biyu wajen wani abokin karatuna, har takardar tafiyata ta fito.

Kano zuwa Kalaba

Jirgin ƙasa ya tashi ranar Laraba da ƙarfe tara da minti ashirin na safe. Muka bi ta Kaduna da Kafanchan, muka haye gadar Makurɗi washegari da hantsi. Daga Inugu zuwa gaba ana ganin tabon yaƙin da aka gama shekara uku baya: tashoshi babu rufi, bango duk hudar harsashi. Na sauka a Aba da la'asar ɗin Alhamis, na kwana a zauren wani mahauci ɗan Daura, wanda ya ba ni teba da miyar ganye. Ban taɓa cin teba ba sai ranar, na kuwa cinye.

Daga Aba zuwa Oron mil tamanin ne, shingen soja huɗu. A kowane shinge sai mu sauka, a buɗe jaka, a duba, mu hau. A Oron na shiga jirgin fito zuwa Kalaba, awa biyu a kan kogi mai faɗin da ban taɓa ganin irinsa ba. A Kalaba na jira kwana uku kafin ƙaramin jirgin ruwan da ke zuwa Fanya ya tashi. Fasinjoji ba mu kai ashirin ba. Wani ma'aikacin jirgin ya dube ni, ya ce masu shiga tsibirin yanzu kaɗan ne, masu son fita ne ba su ƙirguwa.

Fanya

Mun hango dutsen tsibirin tun da rana tsaka, kansa a cikin gajimare, muka sauka da ƙarfe huɗu. Sojojin tashar suka juya takardata sama da ƙasa, suka buga hatimi, suka ba ni kwana bakwai. Gidan Alhaji Bawa bai yi wuyar samu ba, yana unguwar Hausawa kusa da masallaci. Tsoho ne tela, mutumin Maraɗi, ya shekara arba'in a tsibirin. Da ya ji harshena ya yi dariya, ya ce rabonsa da jin Katsinanci har ya manta.

Yaya Sale yana kwance a shagon ɗinkin, bayan labule. Da ba a ce shi ne ba, da na wuce shi. Ya rame, gashinsa ya yi fari, ƙafarsa ta hagu a naɗe da tsumma tun daga idon sawu har gwiwa. Adda ce ta sare shi a gona, ciwon ya zama gyambo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Isiyaku, Inna fa?" Na ce tana nan, ita ta aiko ni. Ya juya fuskarsa bango.

Alhaji ya bayyana mini yadda abin yake. Shekara biyar da suka wuce Turawan Sifen suka miƙa mulki ga 'yan ƙasa, shi Alhaji yana tsaye a fili aka sauke tuta aka ɗaga wata. Daga nan masu gonaki suka watse, kantuna suka bushe, asibiti ba magani. Takardun lebura suna hannun mai kula da gonar da Sale ya yi wa aiki, mai kula da gonar kuwa ya tsere. Wanda ba shi da takarda ba ya hawa jirgi. Kwana uku ina zarya ofis-ofis da Turancina, su kuma da Sifananci, kowa ya tura ni gaba. A rana ta huɗu Alhaji ya ce in daina wahalar da takalmina, hanya ɗaya ta rage, kwalekwalen 'yan fasa-ƙwauri.

Abin ya yi mini nauyi. A wurin aikina ni ne mai kai rahoton masu tsallaka da gyaɗa Nijar a kan jakuna, har na yi maƙiya a garin Kunduru a kan haka. Na gaya wa Alhaji. Bai yi mini gardama ba, sai ya ce in zo mu je in ga wurin tukuna.

Mashigar Gwamna

Mun yi tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙasa, ta cikin gonakin kokon da ciyawa ta cinye, har muka gangara wani lungu na bakin teku mai baƙin yashi, duwatsu sun kare shi ta gefe biyu. Alhaji ya ce masunta na kiran wurin Mashigar Gwamna. Muka zauna a kan wani kututture, ya ba ni labarin kamar yadda ya ji daga tsofaffin tsibirin.

Wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, tsibirin na hannun sarkin Fotugal, sai ya miƙa shi ga sarkin Sifen a musayar wata ƙasa mai nisa. Mutanen tsibirin ba wanda ya shawarce su. Aka turo gwamna da sojoji da doka: kada a saya, kada a sayar, sai da jiragen sarkinsa. Mutumin mai tsanani ne. Kwalekwale na farko da ya kama da kaya daga gaɓar Kalaba, ya sa aka ƙone shi a gaban jama'a, ya kulle mai shi. To, jiragen sarkin nasa ba su zo ba. Wata uku, wata biyar, abinci ya ƙare, zazzaɓi na ɗibar sojojinsa. Ran nan gwamna da kansa ya je kurkuku ya buɗe wa mutumin, ya tambaye shi kwana nawa zai ɗauka ya kawo doya da manja. Suka yi sharaɗi: ba za a sauke kaya a tasha a gaban tuta ba, sai a wannan lungu, kuma ban da bindiga da albarushi. Mai kwalekwale ya cika alkawari, sauran sojoji suka rayu. A wasiƙun da gwamna ke aikawa gida kuwa, cewa yake ya toshe gaɓa ko'ina. Da jirgin sarki ya iso daga baya, mataimakinsa ya tona shi, aka tafi da shi a ɗaure, ba a sake jin labarinsa ba.

Na tambayi Alhaji ko gaskiya ne. Ya ce miƙa tsibirin dai an yi, sauran kuma haka ya ji. "Abin da na gani da idona," in ji shi, "tun da aka canza tutar nan, gishirin miyata ta nan yake shigowa. Allurar da aka yi wa yayanka sau biyu, ita ma ta nan."

Da yamma ya haɗa ni da mai kwalekwalen, wani gajere kakkaura ɗan Oron mai suna Okon. Da buroka muka yi magana. Ya yarda zai ɗauke mu jibi da asuba, amma kowane fasinja a kan kaya yake zama, kayan kuwa katan-katan na barasa ne. Na ce ba zan zauna a kan giya ba, yayana ma haka. Okon ya ce to mu zauna a Fanya. Alhaji ya sa baki, aka daɗe, daga ƙarshe aka yarda za a shimfiɗa wa Yaya katako a tsakiya, ni kuma in zauna a kan durom ɗin fetur. Na san giyar na cikin jirgin duk da haka. Na yi istigfari, na amsa.

Kan teku

Masunta biyu suka ɗauko Yaya a cikin raga. Muka yi sallar asuba a kan yashi, Alhaji ya yi mana addu'a, ya ƙi karɓar komai daga hannuna. Ƙarfe shida saura kwata Okon ya tayar da inji. Mu goma sha huɗu ne, har da mata uku, fasinjojin in ban da ni duk lebura ne masu gudu. Kwalekwalen ya nutse da kaya har ruwa bai fi taƙi ɗaya da bakinsa ba.

Har ƙarfe goma lafiya lau. Daga nan hadari ya taso daga kudu, igiyar ruwa ta fara faɗo mana ciki. Aka miƙa wa kowa abin kwarfa, ni da butata na yi ta yi. Ruwa ya kai ga katakon Yaya, ya jiƙa ƙafar, na ga ya cije leɓe. Mataimakin Okon, wani dogon mutum mai tabo a goshi, ya yi magana da yarensu yana nuna mu. Wata mata da ke kusa da ni ta raɗa mini cewa yana faɗin nauyi ya yi yawa, a rage, kuma gurgun nan ko an kai shi ba zai yi rai ba. Na matsa na dafa kafaɗar Yaya. Ban iya ruwa ba, ban kuma san abin da zan yi ba in sun taso.

Okon ya miƙe. Ya ba mai tabon riƙon inji, ya tako tsakiyar jirgin, ya tsaya a kanmu. Sai ya sunkuya ya ɗaga katan ɗaya ya jefa a teku. Ya ɗaga na biyu. Ya daka wa mazan tsawa su taya shi, ni ma na sa hannu. Muka zubar da fiye da rabin kayan, jirgin ya ɗago. Mai tabon ya yi ta zage-zage har muka fita daga hadarin. Da ruwa ya lafa na yi wa Okon godiya. Ya ce in bar godiya in ci gaba da kwarfa.

Mun shiga bakin kogi da ƙarfe biyar na yamma. Okon ya sauke mu a wani ƙauyen masunta, ya juya cikin fadama da sauran kayansa. Ban sake ganinsa ba.

Oron zuwa gida

Washegari a hanyar Oron ma'aikatan kwastan suka tare motarmu. Babbansu ya tambaye ni daga ina. Na gaya masa gaskiya, na nuna masa katin aikina da ƙafar Yaya. Ya buɗe jakata, bai ga komai ba sai riga biyu da buta. Ya tambayi sunan mai kwalekwalen. Na ce mutumin ya zubar da dukiyarsa don yayana ya rayu, ba zan faɗa ba, in laifi ne a rubuta a kaina. Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya miƙo mini katina, ya kwatanta mana asibitin mishan da ke gaba.

Kwana biyar muka yi a asibitin. Likita ta ce ƙafar za ta tsira, amma zai riƙa ɗingishi. Daga nan muka kamo hanya: Aba, jirgin ƙasa, Kano. Yaya bai cika magana ba. Sai da muka wuce Zariya, ya ga gero ya fara tsiro a gonaki, sannan ya shiga tambayata wa ya mutu, wa ya yi aure, wa ke noma gonar Baba.

Mun sauka Kankiya ranar Asabar da azahar, na makara da kwana biyar a kan hutuna. Washegari da sassafe muka sami motar kasuwa zuwa Kusada, daga can wani dattijo ya ara mana jaki. Da muka hango rumbunan Bauranya, Yaya ya ce in tsaya. Ya sauka, ya karɓi sandar jakin ya dogara, ya ce ba zai shiga garinsu a ɗauke ba. Tafiyar da ba ta fi minti biyar ba muka yi ta cikin rabin awa, mutane na fitowa daga gonaki suna bin mu a baya.

Inna na tsakar gida tana tsince wake. Yaya ya yi sallama, ya jingine sandar, ya durƙusa da ƙyar. Ta ajiye faifan, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana dubawa.

"Sale, mi ya ci haƙoranka?"

"Fanya ce, Inna."

"To, ta bar min saura."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, da ƙwaryar fura ta fito, ta dama da kanta, ta zauna tana kallonsa har ya shanye.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu. Na gode wa mahaucin Aba, da likitar da ta ceci ƙafar, da Alhaji Bawa, wanda na aika wa wasiƙa uku ban sami amsa ba. Okon kuma, ina sa shi a addu'a duk da sana'arsa. Yaya Sale ya yi shekara goma sha tara bayan haka yana noma a Bauranya, kuma shi ya yi wa Inna jinya har ta cika.