An Kafa Katako a Kan Rairayin Haladu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Haladu, kuma a watan da ya cika taran ne mijin 'yarsa ya cire min usur daga wuya a gaban 'yan kokawa, ya ce hidimata ta ƙare. Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Nasiru ne ya yi min haka, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, mai farar mota da katin aiki rataye a ƙirji. Shekara ashirin da ɗaya ina alƙalanci a filin kokawar da Haladu ya kafa a Karmo, ban taɓa karɓar ko ɓarin goro don in ba wani kayen da bai yi ba. Amma yaron da muka ba 'ya ya sallame ni kamar maigadin da aka kama yana barci.

Ba don usur nake rubutu ba, ko da yake abin ya ci min rai, kuma yana ci har yanzu. Akwai abin da ya fi shi, zan zo gare shi.

Ga waɗanda ba su san Haladu ba, shi lebura ne. Ya zo garin nan yana ɗaukar bulo a ka lokacin da rabin gine-ginen da kuke alfahari da su rami ne da ƙarfe. Shi ya share wani kango a bayan masu sayar da katako, ya mai da shi fage. Ranar Lahadi bayan la'asar sai ka ga mahauta, da 'yan dako, da Fulanin da suka kawo shanu kasuwa, kowa ya ɗaura warki, kalangu na tashi. Ba waliyyi ba ne. Mafaɗaci ne na gaske, ya taɓa marina a bainar jama'a don na yi saurin busa usur. Amma a duk zamaninsa ba a taɓa fitar da mutum daga filin nan a kafaɗa ba sai don murna.

Dalili kuwa ba laya ba ce. Kowace Asabar da safe zai sa a juya rairayin da shebur, a tankaɗe inda ya yi tsakuwa, sannan ya tuɓe takalmi ya taka filin daga wannan baki zuwa wancan, a hankali, kamar mai neman allura. Ƙusa, fasasshiyar kwalba, marfin lemo, duk yana tarawa a wani gwangwani. In ya gama da ƙasa sai ya koma kan mutane. Ya matsa gwiwar wannan, ya leƙa idon wancan. Wanda ya wuni yana sauke siminti, ko kuka zai yi ba zai shiga fage ba. Daga nan Haladu yake farawa, kullum.

Bayan rasuwarsa mun riƙe filin iya ƙarfinmu, ni da dattawa biyu. Gaskiya ɗaya ce, jama'a sun ragu. Samari sun koma kallon kokawar Turawa a waya, wadda ake tsalle daga kan igiya ana kwaɗa wa juna kujera. Da Nasiru ya fara kawo mana kujerun roba da lasifika, har albarka muka sa masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wata Asabar da rana na je gidansa a Dutse Alhaji duba jikoki, na tarar da shi a falo ya tasa kwamfuta a gaba.

"Baba, zo ka ga yadda ake riƙe kokawa a duniya," in ji shi.

Na zaci fim ne. Ashe gem ne, wasan kwamfuta, irin wanda ba kai ke kokawar ba, kai ne mai kamfanin. Ya ce bari ya sake shi daga farko don in gane. Da fari ka raɗa wa kamfani suna, ka zaɓi garin da za ka zauna. Sai a jero maka 'yan kokawa da ma'aikata, kowane da lamba a gefen hotonsa: ƙarfinsa, shekarunsa, yadda jama'a ke sonsa. Ka ɗauki masu babbar lamba, ka kori tsofaffin da lambarsu ta yi ƙasa. Ka kama ɗan ƙaramin zaure don wasan farko. Ka zaɓi wanda zai zama zakaranka. Daga nan ka shirya ranar buɗewa: wane da wane, minti nawa, wa zai ci, da irin faɗuwar da za a yi wa wanda aka ci.

Na ce, "Tsaya. Kai ke faɗin wanda zai yi kaye tun ba a kama ba?"

Ya yi dariya. "To da wa zai faɗa? Ai shi ne aikin manaja, Baba. Labari ake sayarwa, ba gumi ba."

Muna zaune ya haɗa wani wasa, aka ɗaga ɗan kokawarsa aka maka da ƙasa. Jan rubutu ya fito, wai wuya ya taɓu, wata tara ba aiki. Nasiru ya ja tsaki, ya danna wani wuri, komai ya koma yadda yake kafin wasan. Mutumin ya dawo garau, yana murmushi a hoto. Ya sake wasan, wannan karon aka tashi lafiya.

"Ka gani? An wuce wurin."

Na ci abincin da 'yar yayana ta kawo, ina ta tunanin abin da na gani. Ban ga laifin gem ɗin ba, wasa ne, waɗanda suka yi shi ma sun sa masa jan rubutu don gargaɗi. Hannun da ya danna na kalla, da yadda ko gezau bai yi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Cikin wata uku Nasiru ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya a kan filin yayana, kamar mai bin takardar likita. Ya sauke allon da ke ɗauke da sunan Haladu, ya ɗora wani na Turanci. Ya zo da takarda ya jera sunayenmu, kowa da lambarsa. Makaɗanmu biyu suka tafi, lasifika ta maye gurbinsu. Ni ya ba ni ashirin da biyu cikin ɗari, ya ce alƙalin da ba ya bin tsari matsala ne ga kamfani, kuma karen bana shi ke maganin zomon bana. Yanzu kafintoci sun kafa dandamalin katako a tsakiyar fagen, tsayinsa ya kai ƙuguna, an shimfiɗa masa katifa siririya da tamfol, an zagaye da igiya. Rairayin yana ƙarƙashi, kaji na tono a ciki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. A takardar da Nasiru ya tsara ta ranar buɗe sabon filin, wasan ƙarshe na Auwalu ne, ɗan Haladu namiji tilo, mai shekara ashirin da uku. An rubuta cewa wani ƙato da aka ɗauko daga Karu zai ɗaga shi sama da kansa, ya juya shi, ya sako shi a kan katakon. Wai daga baya Auwalu zai dawo ya rama, a nan labarin zai yi daɗi. Turawan da ke wannan faɗuwar na ji an ce shekaru suke yi suna koyonta, kuma duk da haka suna karyewa. Auwalu bai taɓa faɗuwa a kan wani abu ba sai rairayi. Shi ma ƙaton mahauci ne, bai san sakin mutum a hankali ba, kayarwa ya sani.

Na sami Auwalu a shagon walda inda yake aiki. Na ce kada ya hau. Ya sunkuyar da kai yana murza safar hannu.

"Baffa, Oga ya ce duk ƙasar nan za a gan ni a waya. Kuma mijin Yaya ne, ya zan ce masa a'a?"

A lokacin uwarsa ba ta san komai ba, tana tsammanin kokawar da ta sani ce.

Ina yawan tambayar kaina me Haladu zai ce da ya leƙo yau. Ba na jin zai yi faɗa a kan allo, bai iya karanta sunan nasa ba ma. Kujeru da kyamara kuwa, mai son taro ne, zai yi murna. Amma na san zai tuɓe takalmi ya hau dandamalin nan, ya taka shi daga baki zuwa baki, ya ji inda kan ƙusa ya ɗago a ƙarƙashin tamfol. Daga nan sai dai a riƙe shi. Bai bar gida a Abuja ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne mazaje da yawa a Karmo, masu furfura yanzu, da ke tafiya da ƙafafunsu suna ciyar da iyali, ba su ma san wa ya tsare musu ƙashin baya ba. Sai kuma yaron nan guda.

Tikiti na ta tafiya, an ce har daga cikin gari manya za su zo. Kowa na yabon Nasiru. Ni dai na san ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na same shi a filin yana nuna wa kafintoci inda za su ƙara fitila. A al'adarmu suruki ba ya tsayawa gaban suruki ya ɗaga murya. Na ajiye wannan kunyar a bakin ƙofa.

"Baba, in maganar usur ce, za mu duba maka wani matsayi," ya ce, yana kallon waya.

Na ce, "Riƙe usur ɗinka. Ɗago ka dube ni, Nasiru. Cire sunan Auwalu daga takardar nan, ko ka sauke wasan ƙasa."

"An riga an buga fosta."

"To ji da kyau, a gaban kafintocinka nake faɗa don su zama shaida. Daga nan gidan uwarsa zan wuce, in karanta mata takardarka kalma kalma, sannan in je in karanta wa matarka. In duk da haka ka hau da shi, to ka sani: da hannuwan nan biyu na wanke ubansa na sa shi a likkafani, ba zan wanke ɗan ba. Kai za ka naɗe hannun rigarka ka shiga ka wanke shi. Ni zan tsaya a kanka ina zuba maka ruwa."