Hazo a Ɓangaren Dama

A layin masu gyara, tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai yankan makulli, akwai wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Nan mai gyaran agogo ya shekara arba'in da ɗaya, da ɗan madubinsa maƙale a idon dama. 'Yan layin suna ce masa Ban-yarda-ba, kuma ba su zalunce shi ba. In ka ce agogonka faɗuwa ya yi, sai ya shinshina ya ce ƙarya ne, ruwa ya sha. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya taɓa aljihunsa.

Amma a bakin aiki adali ne. Dokarsa ɗaya: ba a kama ɓarawo sai an yi musanya. In ya zargi batir, sai ya cire shi ya sa a agogo mai lafiya. In ciwon ya bi batir, to batir ne. In ya tsaya inda yake, a nemi mai laifi a gida.

Ko kallon tsuntsayen da ya zame masa jiki, zargi ne ya haife shi. Shekarun baya tattabarunsa na saman bene suka dinga ɓata, ya rantse maƙwabcinsa ne. Ya je kasuwa ya sayo madubin hangen nesa mafi araha, na roba, ya yi kwanton ɓauna bayan tankin ruwa. Safiya ta uku ya kama ɓarawon da idonsa: shaho ne. Bai ba maƙwabci haƙuri ba, amma tun daga ranar kullum da sassafe yana saman bene, yana kallon balbelu da zalɓe a kududdufin da ke bayan unguwar.

Madubin nan na roba kuwa ya sha zagi. Gefen hotonsa yana fitar da launin shuɗi da rawaya, abin juyawarsa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ga wani hazo da ya soma taruwa a ɓangaren dama shekara biyu da suka wuce. "Araha ba ta ado," in ji shi, sai ya goge gilashin da bakin riga ya ci gaba. A shago ma abubuwa sun lalace masa a ɗan tsakanin nan. Ƙwan fitila na yanzu ba haske, masu ƙera kusoshin agogo sun ƙanƙantar da su don mugunta, ɗan madubin aikinsa ma ya canza shi sau uku, duk jabu.

Ana nan sai ga autarsa da mijinta, wanda ke aikin haɗa wayar lantarki, sun zo da kwali a leda. Ciki madubin hangen nesa ne mai tsada, baƙi wuluk, da jakarsa ta fata. Yana da nauyi a hannu, gilashinsa na walƙiyar kore, an ce ko a ruwa ya faɗa ba abin da zai same shi.

"Baba, ga ɗan abin kallon tsuntsaye," in ji surukin, kansa a ƙasa.

Tsohon ya dubi kwalin, ya dubi yaron. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ke hawa babur mai tari, ina ya ga kuɗin wannan? Kuma me yake nema? Shagon? Ɗakin sama? Ya lura auta ta ƙi haɗa ido da shi, abin da ba halinta ba. Ya ce an gode, da irin muryar da ake karɓar sammaci.

Mako guda ya yi yana wa madubai biyun shari'a, na roba a hagu, mai tsada a dama, a kan bangon bene. Gaskiya ɗaya ce, mai tsadar ya fi. Da asuba, lokacin da na roba ba ya nuna komai sai inuwa, shi yana fito da zalɓe ƙarara, har gashin da ke lilo a ƙeyarsa. Ba shuɗi a gefe, ba ƙara, abin juyawa yana tafiya sumul. Rana ɗaya har ya ga ɗan kifi yana wutsil-wutsil a bakin zalɓen, ya ji dariya ta kuɓuce masa shi kaɗai.

Sai dai hazon nan yana nan. A dama, daidai inda na roba yake da shi. Ya murɗa zoben daidaita ido har ƙarshe, ya dawo da shi, ya goge da ƙyallen da ya zo a kwalin. Yana nan daram. To, biri ya yi kama da mutum! Ashe uwa ɗaya ta haife su, an dai sa wa ɗaya riga mai kyau. Ko an cuci yaron, ko yaron ya sayo jabu don a ce ya yi bajinta. Daɗi ya kama shi, irin daɗin wanda zarginsa ya tabbata. Ya aika a kira masa auta.

Ta zo da safe, ta same shi a sama.

"Riƙe nan ki duba," ya ce. "Ki ga abin da mijinki ya kawo min."

Ta ɗora a ido ta daɗe. "Baba, ni tar nake gani."

"Dama fa? Dama!"

"Har dama."

"Ba shakka. Bakinku ɗaya."

Ba ta yi musu ba. Ta miƙa masa madubin. "Baba, kai ka koya min. Ba a kama ɓarawo sai an yi musanya. Kife shi, gilashin dama ya koma hagu."

Ya yi tsaki, don me zai ji tsoron dokarsa? Ya juya madubin, ƙasa ta koma sama, ya ɗora. Gilashin da yake zargi ya zo idon hagu, ga balbelu fari fat, har ana ƙirga su. Hazon bai bi gilashi ba. Ya tsaya inda yake.

Ya sauke madubin a hankali. Ya rufe idon hagu da tafin hannu ya dubi 'yarsa, tana tsaye taku biyu daga gare shi. Ya ga mayafi, ya ga tsayin mutum, bai ga fuska ba. Da idon nan ya ciyar da gida shekara arba'in da ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba, har sai da ya dafa bango. Ya tuna ƙwan fitila da kusoshi da madubai uku da ya zaga, duk ba su ci ba su sha ba.

"Da gangan kuka saye shi," ya ce.

"Da gangan. Mutum biyu sun kawo min ƙorafin agogonsu a ɓoye, don suna jin nauyinka. Da na ce mu je asibiti, cewa za ka yi likita abinci yake nema. Na roba kuma yana ba ka wanda za ka ɗora wa laifi. Shi ne muka sayar da babur muka nemo wanda ba shi da laifi ko ɗaya."

Ashe dai akwai makirci, bai yi kuskure ba. Karo na farko ke nan da zarginsa ya tabbata bai ji daɗi ba.

"Na karɓo maka kati wurin likitan ido," ta ce. "Ran Talata. Ya ce in yanar ido ce, ana cirewa, mutum ya koma aikinsa."

Ya shafa jakar fatar. Can ƙasa zalɓe ya tashi, bai bi shi da kallo ba.

"Ƙarfe nawa ya ce?"

"Goma, Baba."

"Mu je tara," ya ce. "Ban yarda da agogonsu ba."