Ranar da Gulbi Ya Zo Cin Shinkafar Kawu

Ni mutumin Maruda ne, ƙasar Gwandu, inda ko akuya ta san ta rusuna in mai rawani ya gitta. Mun tashi mun iske sarauta, muna kuma girmama ta. Shi ya sa ranar da maƙwabcina, wani malamin makaranta, ya ba ni labarin wasu Turawa da ake ce wa 'yan anarki, sai da na yi dariya har hulata ta faɗi. Wai su cewa suke jama'a za su iya tafiyar da al'amuransu ba sarki, ba gwamna, ba ɗan sanda. Ya ce sun rubuta littattafai masu kaurin da za a yi matashin kai da su, an ɗaure wasunsu, an kori wasu daga ƙasashensu.

Na ce, "Malam, wahalar banza sunka sha. Da sun hau mota zuwa Kalgo, da sun ga abin da idonsu."

Ga dalilina. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana zaune a wani ƙauye cikin fadamar Kalgo. Gonar shinkafa ɗaya gare shi, ita ke ciyar da gidansa daga kaka zuwa kaka. Tsakanin gonakin ƙauyen da gulbi akwai doguwar ganuwa ta laka wadda kakanni suka gina. Ba ta mutum ɗaya ba ce, hukuma kuma ba ta taɓa zuba mata ko cikin tafin hannu ba. In ta fashe, wanda ya fara gani ya kwarma ihu, kowa ya fito gayya. Amma gayyar nan ba ta da sarki. Ba a ba da umarni a bakin ganuwa. In ka ga inda ya kamata a zuba laka, ɗauki ka zuba. In ka nuna da yatsa ka ce a yi kaza, daro za a miƙo maka. Da idona na taɓa ganin mai gari ya iso, ya warware rawaninsa ya rataye a reshen giyayya, ya shiga layi a bayan wani mai gyaran takalma.

Wata damina na je gaida Kawu, ni da tumbina, wanda kan riga ni shiga zaure da kamar rabin yini. Na iske ɗansa, taubashina, ya zo hutu daga Abuja, inda yake shugaban masu gadi a wani kamfani. Tun yana ƙarami aka kai shi birni, bai taɓa ganin gayyar ganuwa ba. Mutum ne da ko ruwa zai sha sai ya ba kofin umarni.

Aka yi ruwa kamar an fasa sama. Da safe muna shan kunu sai ihu ya tashi: ganuwa ta fashe. Gonar Kawu ita ce mafi gangare, shinkafar kuma ta yi ciki tana shirin fitar da kai. In ruwa ya rufe ta ya kwana biyu a kanta, sai dai a tsinci ruɓaɓɓen kara. Kawu ya ajiye ludayi, ya miƙe, muka bi shi.

Kafin mu isa, duniya ta taru. Masunta sun kawo buhunan yashi cikin jiragensu. Mata sun jera ƙoren fura a inuwa. Har Fulanin ruga, waɗanda bara aka kusa dambe da su kan shanu sun shiga gona, ga su nan sun naɗe wando suna haƙar laka. Ba wanda ya raba aiki, amma layi ya miƙe, daro yana tafiya hannu zuwa hannu kamar ya san hanya.

Taubashina ya hau kan wani tudu cikin farar shadda, ya ciro usur daga aljihu. Wallahi usur! Ya busa ya ce, "Ku tsaya! A kasu gida uku! Kai mai jar hula, koma baya!"

Wani tsohon masunci mai haƙori ɗaya ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a, wa ya haifi wanga soja?"

Na ce, "Baba, haifuwar gida ce, renon ne anka yi waje."

Aka kwashe da dariya, aka miƙa masa daro. Bai karɓa ba. Daga kan tudun nan ya hango abin da mu da ke ƙasa ba mu gani ba: can sama da inda ta fashe, wurin da ganuwar ta yi kwana, ruwa yana tsattsafowa ta gindinta. In wannan kwanar ta ɓalle, duk lakar da muke zubawa ta zama abincin kifi. Ya ƙara busa usur, ya ce, "Ku bar nan! Na ce kowa ya koma can!"

Gaskiya ya faɗa, amma ya faɗe ta da yatsa. Sai na ga layi ya fara sanyi. Wani ya ajiye daro ya ce bari ya sha fura. Wani ya zauna yana cire ƙaya wadda babu ita. Bafulatanin da ke kusa da ni ya ce, "In an samu mai gona da ɗan sandansa, mu mun koma wurin shanu." Ruwa kuwa bai zauna ba, ya riga ya kai wa shinkafar Kawu wuya.

Kawu ya hau tudun da laka har gwiwa. Bai ɗaga murya ba, amma na ji shi.

"Ɗan nan, in kana son ƙannenka su ci tuwo bana, mai da abin nan aljihu."

"Baba, wallahi gaskiya nika faɗi! Can za ta ɓalle!"

"Na yarda. To mi kaka jira? Ga buhu nan."

"Ni kaɗai?"

"Kai ka gani."

Ya tsaya yana kallon ubansa, ya kalli jama'a, ba mai kallonsa. Sai ya tuɓe shaddar ya yar, ya sunkuci buhun yashi. Taku kaɗan ya zame ya faɗi rigingine, ƙafafu sama kamar ƙwaro. Ya tashi, ya sake ɗauka, ya nufi kwanar shi kaɗai.

Na bi shi da nawa buhun, don ba a barin taubashi ya mutu ba tare da an yi masa tsiya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamanda, ina rundunar?"

Ya ce, "Rufa mini baki, zo ka zauna cikin ramin nan da ruwa ya ci, tumbinka ya fi buhu goma."

Na zauna kuwa. Har yau ina da yaƙinin ni na tare rabin gulbin nan da bayana, ko da yake akwai mahassada masu cewa kwata ne.

Can sai ga tsohon masuncin ya tako a hankali. Ya cusa ƙafa gindin ganuwar, ya ji yadda ruwa ke tafasowa tsakanin yatsunsa. Ya koma jirginsa, ya dawo da buhu a kafaɗa. Ganinsa ya jawo ƙanensa, ƙanen ya jawo Bafulatanin nan, mai cire ƙaya ya warke nan take. Ba wanda ya ce a rabu biyu, amma layi ya rabu biyu, rabi a ɓarakar, rabi a kwana. Wani ya tayar da waƙa, aka amsa, aka sa taubashina cikin baitin da ba zan iya rubutawa a littafi ba.

Wajen la'asar gulbi ya taho da ƙarfinsa duka, da itace da gawar tunkiya, ya daki kwanar. Na ji ganuwar ta motsa a bayana kamar raƙumi zai tashi. Muka jingina da ita, manomi da masunci da makiyayi da shugaban masu gadi, kafaɗa da kafaɗa. Ta tsaya. Kafin magariba aka toshe ɓarakar ita ma.

Kawu bai yi wa kowa godiya ba, don ba a yi. Ganuwar ta kowa ce, gobe gonar wani ce a bakin ruwa. Kowa ya wanke ƙafarsa ya kama hanyar gida. Da gari ya waye muka bi Kawu gona. Ruwan ya ja da baya, shinkafar ta fito tsaye, laka shafe a jikinta har wuya. Ya shiga ciki, ya kama kara ɗaya ya tsaga cikinsa da farce, ya ga zangarniyar fara sol, ba ta ruɓe ba. Ya miƙa wa ɗansa ya ce, "Riƙe, ka san abin da za ka ci."