Shuɗin Bakin Usta Eshonkul

Da hantsi ne, suna shan koren shayi a kan gadon katako da ke ƙarƙashin rumfar inabi, sai Usta Eshonkul, babban maginin tukwane, ya ƙyalƙyale da dariya har ya ɗaga kai sama. A nan jikarsa Sarvinoz ta hango cikin bakinsa. Daidai inda haƙora suka haɗu da dasashi akwai wani siririn layi shuɗi mai duhu, kamar an ja shi da alƙalami. Ta ajiye kofinta a hankali. Wata biyu ke nan da ta gama karatun kimiyyar sinadarai a Fargona, kuma ba ta manta littafin da ta ga hoton irin wannan layi a ciki ba. Alamar gubar dalma ce.

"Bobo, buɗe bakinka in gani," ta ce wa kakan nata.

"Ni doki ne da za ki duba mini haƙori? Ba na sayarwa ba ne, malama mai digiri."

Matarsa Tojinisa tana yanka karas ɗin shinkafar rana, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wa zai saye ka? Ko kyauta aka bayar sai an haɗa da buhun gari."

Suka yi dariya su biyu. Sarvinoz ba ta yi ba.

Shekarun Eshonkul saba'in da uku, kuma tun yana ɗan bakwai hannunsa ke cikin jan yumɓun garin Rishton. Bai taɓa yin wata sana'a ba, bai taɓa kwana goma a jere a wani gari ba. Duk kaka yakan tafi busasshen fili da ke gindin tsaunuka ya sari ciyawar nan mai gishiri, ya ƙona ta ɗanya a rami har tokar ta dunƙule kamar dutse. Ya daka ta da fararen tsakuwar kogi, ya narka su a wuta su zama gilashi, ya sake niƙawa har ta yi laushin gari, ya zuba ɓawon jan ƙarfe da ɗan kuza. Wannan shi ne ruwan ƙyallin da ake shafa wa faranti kafin gashi. Haka duk maginan garin suke yi, kuma abin alfaharinsu shi ne babu dalma a ciki.

Amma shuɗin Eshonkul daban yake. Na mutane garau yake fitowa, nasa kuwa da wani gajimare a ciki, kamar an ɗiga madara a ruwa. In ka karkata farantin sai gajimaren ya gusa, ya yi ɗan ja-ja ta gefe. Wasu matan unguwa ba sa son cin abinci a ciki, wai kamar ido ne yake kallonsu daga ƙarƙashin shinkafa.

Sirrin yana cikin wata randa a ƙuryar ɗakin aiki, rabinta binne a ƙasa. Kakansa ne ya cika ta, ba wanda ya san da me. Ba a wanke ta, ba a juye ta, sai dai duk shekara a ƙara mata ruwa da ɗan ruwan khal mai tsami. Duk kwaɓin da aka yi sai an sa masa ludayi ɗaya daga cikinta. Sannan mai gida ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Toka ɗaci gare ta, amma in kwaɓi ya yi daidai, akan ji wani ɗan zaƙi a ƙarshen harshe. Shekara hamsin Eshonkul yana neman wannan zaƙi, wata rana sau goma.

Sarvinoz ta bi kakarta kicin.

"Buvi, kin ga abin da ke bakinsa?"

"Hatimin randa? Ai ya kusa shekara uku. Ranar da ya gan shi a madubi rago ya yanka."

"Rago?"

"To, babansa ya samu, kakansa ya samu. Shi nasa ya yi jinkiri, har yana cewa randa ba ta yarda da shi ba." Tojinisa ta goge wuƙa a zane, ta rage murya. "Surukina Usta Mirzakarim, baban kakanki, bayan nasa ya fito shekara huɗu ya yi. Hannunsa na dama ya fara sakewa daga wuyan hannu, kamar reshen da ya karye bai faɗi ba. Sai murɗar ciki. Daga baya ya dinga hira da randar, yana amsa mata. Ni na kai masa shayi na ji da kunnena, yana ce wa babansa marigayi, to Dada, ga ni nan zuwa."

Sarvinoz ta tuna cewa tun dawowarta da hagu kakan nata yake ɗaukar kofi.

Bayan azahar ta tarar da shi a ɗakin aiki. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan farantan da ke jere a bango, duk suna kallon ƙofa. Yana tsugune gaban randar, ya ɗage murfin, ya karkata kunne.

"Kin ji?" ya ce, bai waiwayo ba. "Dada ne. Wai kwaɓin bana ya yi ruwa."

Ba ta ji komai ba sai kukan kurciya a kan rufi. Ta ɗauki dogon ludayin, ta zura har ya taɓa ƙasa. Abin da ta ɗebo laka ce ja mai ruwan ɗorawa, nauyinta ya fi ƙarfin girmanta nesa ba kusa ba.

"Bobo, wannan dalma ce. Zaƙin da kake ji guba ne. Ita ta kashe babanka."

"Kul! Babana kwanansa ne ya ƙare." Ya miƙe da kyar yana dafa bango. "Shekara huɗu kina zaune a aji, ko kofi ɗaya ba ki taɓa gasawa ba, yau za ki ce gidanmu guba muke dafawa?"

"In ƙarya nake, gwaji zai nuna. Ka ba ni jininka kaɗan kawai."

"Jinina? Kakarki ta gama shanye shi tun tuni."

Kwana uku yana ƙi. A na huɗu yana kan keken juya yumɓu da safe, hannun daman ya saki, kwanon da yake ginawa ya lotse ya faɗi a cinyarsa. Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce a kawo masa hularsa.

A asibitin gari aka ɗebi jinin. Likitar ta duba dasashinsa, ta ce nan ba su da na'urar gwajin, sai an aika Tashkand, kuma sai ta ga adadin za ta san ko magani zai iya cire abin, ko ya riga ya ci jijiyoyi. Sarvinoz ta aika da lakar a kwalba zuwa wurin wata malamarta. Ta sa wa ɗakin aiki kwaɗo, ta rataya makullin a wuyanta. Tojinisa ta kwashe shuɗɗan farantan daga kicin, yanzu a kwanon ƙarfe suke cin abinci.

Eshonkul bai yi faɗa ba. Kullum bayan karin kumallo yakan jawo kujera ya zauna bakin ƙofar da aka kulle, hannun a cinyarsa, yana gyaɗa kai lokaci-lokaci kamar mai karɓar umarni. Jiya ya ce wa Sarvinoz Dada na tambayar sunanta.

An ce sakamakon zai zo cikin kwana goma. Yau kwana shida, ba a kira ba tukuna.