Ƙunshin da Aka Bari a Jidda

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a daminar da ta rage shekara uku Turawa su tafi. Ina tsugune ina tsince wa Inna yakuwa sai muka ji guɗa daga bakin kasuwar Bodinga: Alhaji Buba, mai fataucin fata daga Shagari, ya dawo daga Makka. Sati shida kacal da tafiyarsa, domin a jirgin sama ya je daga Kano. Mahaifina kuwa, maɗinki ne kuma amininsa, shekararsa bakwai ke nan da kama hanyar gabas a ƙafa, yana ɗinki gari gari don neman guzuri. Ina goye ya tafi, ban san fuskarsa ba sai abin da Inna take ba ni labari in muna surfe.

Inna ta bar tukunya a kan murhu, ta ja hannuna muka bi ayari har Shagari. Mun tarar an baje tsaraba a tsakar gida, mata suna ta kallo: dardumai, farantan tangaran, akwatin ƙarfe biyu, da wani ƙaton agogon bango. Inna ta durƙusa ta yi barka da sauka, sannan ta tambayi labarin maigidanta.

"Na gane shi Jidda yana dako, lahiyatai lau," in ji Alhaji. "Har ƙunshi ya ba ni in kawo muku, sikelin jirgi yah hana. Ko allura aunawa sukai."

Inna ta ce, "Alhaji, ko 'yar takarda babu?"

"Tana cikin ƙunshin. Na maishe mai abinai."

Daga nan ya juya yana nuna wa baƙi yadda ake ɗaure mutum da ɗamara a kujerar jirgi, ana ta dariya. Aka damƙa mini dabino uku. Ina fita na watsa su a kwata, kuma ko yau aka sake ba ni haka zan yi. Sikelin da ya ɗauki agogon bango shi ne ya kasa ɗaukar saƙon talaka? Ashe ba nauyi ya yi masa yawa ba, mu ne ba mu kai ba. A hanya abin da Inna ta ce kawai shi ne, "Aƙalla yana raye." Baba bai dawo ba, labarinsa ma bai sake zuwa ba.

Yanzu jirage sun yi yawa, jikokina a waya suke sayen kujera, suna mitar an rage musu kilon kaya. Ni ma sau biyu na sauke farali, kuma duk wanda ya miƙo mini saƙo a can na karɓa, ko da zan zubar da zannuwana a gaban sikeli. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma ban da Alhaji Buba. Har yau ban san abin da Baba ya rubuto mana ba.