Gawon da ake tsayawa

Tsakanin ƙauyenmu, can arewa da Urafane, da Tasawa akwai wani gawo. Ba shi da wani kyau, akuyoyi sun gama cinye na ƙasansa, amma duk wanda aka haifa a wajenmu ya san shi. In an ɗauko marar lafiya a amalanke za a kai shi asibiti, nan ake tsayawa. Manyan gida su sauka, su buɗe mayafi, su dubi idon mutum. In sun ga da sauran ƙarfi, a wuce. In sun ga babu, a juya kan dabba a koma gida, don wanda ya cika a Tasawa can ake rufe shi. Zafi ba ya barin a yi doguwar tafiya da gawa.

Ni ban taɓa ɗauka wannan hukunci zai faɗo kaina ba. Aikin masu gemu ne, mu mata namu shi ne dama kunu da jiran labari.

Shekarar da gero ya ƙone tun bai yi kai ba, zamanin da soja ke rabon jar dawa ta taimako, maza suka watse cin rani Nijeriya. Maigidana bai tafi ba saboda tsohuwarsa, wadda idonta ya mutu. Mutum ne mai tsiya, kullum yana cewa shi kaɗai ne zakaran unguwa, kuma zakaran ma ba hatsi. Wata safiya cikinsa ya ɗaure, ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa. Muka yi jiƙo, muka yi rubutu. Ba wanda ya ambaci asibiti da farko, domin a wajenmu ambatonta kamar fatan mugunta ne. Sai da ya daina tsokanata na san abin ya kai.

Shanunmu an sayar. Na aro jaki, ƙashi da fata, na ɗaura masa amalanke. Tsofaffin da suka rage ba mai iya tafiyar. Uwar mijina ta laluba ta kama hannuna.

"Ɗiyata, in kun kai gawo ki duba shi da kyau. In ba shi kai, ki maido mini shi. Kusa da ubanshi nike so."

Na ce to.

Rairayin hanyar nan yana cin ƙafar amalanke. Inda ya yi zurfi sai in sauka in tura. Gonaki fayau, ba karan da zai kare ido, ba kowa sai ni da numfashinsa. Na yi kaɗaicin da ban taɓa yi ba, alhali ga mijina a bayana.

Rana ta take tsaka muka kai gawon. Jakin da kansa ya tsaya, shi ma ya san al'ada. Na buɗe mayafin. Na duba, na sake dubawa. Wallahi ban san abin da manya suke gani ba. Ido dai ido ne, na mijina, ya faɗa ciki. Na waiga ko wani zai ɓullo in tambaye shi. Babu.

"Mi ka gani?" na ce masa. "Mu wuce ko mu koma?"

Ya motsa baki da ƙyar. "Ke ce mai gemu yau."

Har a nan bai bar tsiya ba. Ni kuwa wannan tsokanar na riƙe. Na ce a raina mai iya ba'a bai gama ba. Na bugi jakin muka wuce.

Da la'asar sakaliya muka shiga Tasawa. A asibiti lokotoro, wato likita, ya taɓa cikin, ya ce hanji ne ya murɗe, aikin sai Maraɗi. Ashe bayan duk wannan tafiya akwai wata. Ana cikin neman mota ya cika, kansa a cinyata.

Mutanen wani masallaci suka yi masa sutura, Allah ya saka musu. Ban san ko ɗayansu ba. Suka ɗauke shi suka sha kwana bayan wata katanga, mace ba ta bin gawa. Da suka dawo kowa ya yi mini gaisuwa ya kama gabansa, kuma bai zo mini in tambayi inda maƙabartar take ba.

Washegari na koro jakin da amalanke wayam. A gawon ya sake tsayawa. Ban hana shi ba.

Uwar mijina ta ji ƙarar amalanken tun daga nesa, ta kuma gane ba nauyi a kansa. Ba ta yi mini faɗa ba, har ta bar duniya ba ta yi ba. Da ma ta yi, da na samu abin mayarwa. Bayan an watse daga zaman makoki ta kira ni.

"Ɗiyata, ta ina shike? Juya ni."

Na kama kafaɗunta na juya ta kudu, wajen Tasawa. Iyakar abin da na sani ke nan. Tun daga ranar, kowace yamma sai ta ce in juya ta, ta zauna bisa tabarma tana fuskantar danga. Ni ma sai in zauna gefenta.